Na Je Ɗauko Yaya Isuhu, Na Dawo Ni Kaɗai

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wadda ta zo rumfata sayen turare sai ta ja kujera ta zauna: "Hajiya Mariyama, yaya Amurka?" Wasu ma ba sayen komai za su yi ba, labari ya kawo su. Na faɗa har muryata ta dushe, sannan jiya na ji wata tana ba da labarina a gidan suna, wai an kulle ni a can saboda na hau dandamali na yi rawa. Ni! To ga shi zan rubuta yadda abin ya faru, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a bar ni in yi cinikina.

Ba yawo ya kai ni ba. Yayana Isuhu, wanda nake bi, ya daɗe a wani gari da ake kira Greensboro, inda 'yan Nijar suke da yawa. Hawan jini ya kayar da shi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka sallame shi daga asibiti sai ya shige ɗaki ya ƙi fita, kullum maganarsa ɗaya a waya: a zo a ɗauke shi ya mutu a Damagaram. Babban yayanmu Alhaji Sale ya tara mu, ya ce ni zan tafi tunda ni ce auta, ni kaɗai ce Isuhu ba ya iya yi wa gardama.

"Ki je ki taho mana da shi," in ji Alhaji. "Ba za mu bar ɗan'uwanmu ya ƙare a hannun baƙi ba."

Zancen biza na bar shi, don in na fara ba za mu bar Yamai ba. Da ta fito, na ɗaure kayana na hau babbar mota daga Zinder. Hanyar kun san ta, ba sai na faɗa muku yadda bayan mutum yake komawa ba. A Madawa na sauka na sayi kilishi mai kyau, wanda aka shafa wa ƙuli har ya yi ja, don na san Yaya Isuhu da kilishi. A Galmi wani bawan Allah ya shigo da buhun albasa ya jingina shi da ƙafata, na ce ya matsar, ya ce ai ba nisa zai je ba. Tare muka shiga Yamai da shi da albasarsa.

Jirgi ya kai mu Kazablanka, aka sake zuba mu a wani. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani dattijo ɗan zangon Kumasi, Hausarsa wata iri amma muna fahimtar juna. Shi ya nuna mini yadda ake ɗaure bel, shi ya hana ni cin wani farin abu da na zaci cuku ne, ashe tsumman goge hannu ne aka naɗe da ɗumi. Ya ce mini, "Hajiya, in mun sauka, abin da suka tambaye ki kawai za ki amsa. Kada ki ƙara gishiri." Ban san yadda aka yi ya gane halina da wuri haka ba.

A filin jirgin New York na ga abin da ya ɓata mini rai. Ina tsaye da akwatina sai ga ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya dinga shinshinar kayana, ya zauna a gabansu. Na ce, "Kai, tafi can! Sallayata tana ciki!" Aka kai ni gefe, wata 'yar duwan, wato ma'aikaciyar kwastan, ta sa safar hannu ta buɗe akwatin. Kilishin Madawa ta ɗaga shi da yatsu biyu ta jefa a kwandon shara ina kallo. Wallahi sai da na ji hawaye. Ta kunce ƙullin kuka ta duba, ta duba yaji, sannan ta buɗe gwangwanin daddawa ta kai hanci. Ba ta ƙara buɗe komai ba, ta rufe akwatin da sauri ta yi mini hannu in wuce.

Wani ƙaramin jirgi ya ƙarasa da ni Greensboro. Hadiza matar Yaya ce ta tarbe ni. Na san ta da jiki, amma na same ta duk ta zube, sai ido. Ita take tuƙa motar da kanta, tana tafe tana magana, rabin Hausarta Turanci ne yanzu. Aiki take a wani babban gidan ajiyar kaya, ranar hutu kuma ta yi kitso. Muna tsaye a danja ta juyo ta dube ni.

"Hajiya, na san abin da Alhaji ya aiko ki. Amma ki ji nawa. Likita ya ce ƙafar za ta taka, hannun ma zai dawo kaɗan, in dai zai riƙa zuwa wurin motsa jiki yanzu, tun jijiyoyin ba su sandare ba. Ya ƙi zuwa. In kika tafi da shi gida, shimfiɗa za a yi masa a zaure a yi ta zuwa dubiya har ya mutu."



Gidansu yana bayan wani titi da ake kira Wendover, ɗakuna ne jere sama da ƙasa, duk kala ɗaya, su suna ƙasa. Na shiga na sami Yaya a keken guragu, ya juya wa taga baya. Wannan mutumin da a samartakarsa shi ne mai kaɗa jita a ƙungiyar makaɗan garinmu, wanda in ya fito da wandonsa mai faɗin ƙafa 'yan mata suke leƙe ta katanga, ga shi baki ya karkace, hannun hagu a dunƙule a kan cinya. Ya ce, "Auta, kin zo?" Maganar a daƙile ta fito. Yana jin yadda ta fita sai ya rufe bakinsa, bai ƙara cewa uffan ba ranar.

Zaman gidan nan ya ishe ni tun makon farko. A wurinmu ɗakin mara lafiya ba ya rabuwa da mutane. A can kowa yana aiki, sai Lahadi 'yan'uwanmu 'yan Nijar suke zuwa, su ma ya ce a ce musu yana barci. Maƙwabta kuwa za su yi maka murmushi har kunne, amma ba mai tambayar ka ya gida. Burodinsu zaƙi kamar na biki, kazarsu ƙatuwa ba ɗanɗano, shayi kuma da ƙanƙara suke shan sa. Wata rana na ce bari in taka zuwa kanti, na fita na ga ashe titin ba a yi shi don mai ƙafa ba, motoci kawai ke tsala gudu. Na daɗe a bakin hanya ina jiran su ji kunya su tsaya, na gaji na komo.

Wata safiya kuma na ce ɗakin nan warin magani yake, na hura gawayi a kan murhu na zuba turaren wuta na gaske, irin wanda nake ɓoye wa manyan masu saye. Hayaƙi bai gama tashi ba wani farin abu a rufin ɗaki ya fasa ihu, ashe na'urar jin hayaƙin gobara ce. Na ruɗe, na ɗauki tsintsiya ina dukan sa, maƙwabta suka fito da kayan barci. Da na waiwaya na ga kafaɗar Yaya tana rawa. Dariya yake, amma da muka haɗa ido ya haɗiye ta.

Kullum sai ya tambaye ni yaushe za mu tafi. Kullum Hadiza ta dube ni. Ni kuwa ina tsakiya, ga saƙon Alhaji ga gaskiyar matar nan.

Hadiza ce ta zo da labarin kiɗan. Ta ce ranar Asabar da la'asar za a yi wasa a wani fili a cikin gari, kuma wani tsohon makaɗin jita zai zo, wanda Yaya yake da kaset ɗinsa tun muna Zinder. Ta faɗi sunansa, ni dai bai zauna a bakina ba, Tsoho nake ce masa. Na ga idon Yaya ya motsa, amma ya ce, "In je a yi ta kallo na a keke? Ku je ku."

Nan na tashi masa. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Na ƙetare teku, an jefar mini da kilishi, kare ya shinshine ni, sannan in koma a tambaye ni me na gani a Amurka in ce bangon ɗakinka? Ni baƙuwarka ce. Ka kai ni ko ka ji kunya. In mun dawo sai mu sa ranar tafiya." Wannan ta ƙarshen ce ta kama shi. Ya ce to, sau ɗaya.

Filin ciyawa ne kore shar, da manyan itatuwa. Kowa ya zo da kujerarsa ta naɗewa da akwatin ƙanƙara, baƙaƙe da farare, tsofaffi sun fi yawa. Wani ƙamshin gashi ya bugo ni, na ce wa Hadiza a sayo mini, ta raɗa mini cewa alade ne. Na yi a'uziyya na koma kan gasasshiyar masara. Muka sami wuri kusa da gaba, gefen wata dattijuwa baƙar fata mai faffaɗar hula, wadda ta ga ina gumi a cikin mayafi ta miƙo mini mafici. Na ce a raina, wannan ta san mutunci.

Yara samari suka fara, ƙara kawai, na ce in wannan ne kiɗan gara albasar Galmi. Sai aka fito da Tsoho. Baƙi ne dogo, ya ranƙwafa, gashin gemunsa fari fat, wani yana riƙe da gwiwar hannunsa har ya zaunar da shi a kujera. Na ce wannan ai jikoki ya kamata ya zauna yana yi wa tatsuniya. Aka ɗora masa jita a cinya, ya zura wani ɗan bututun kwalba a yatsansa na hagu, ya ja shi a kan tsirkiya.

Jama'a, tsigar jikina ta tashi. Ban san jita tana kuka ba sai ranar. Sautin ya yi kama da goge, ya ja ya lanƙwasa, ya yi kamar zai tsinke sai ya dawo. Kiɗan nan shi suke kira buluz. Ya rera da wata murya mai kaushi, ban ji kalma ɗaya ba, amma na san mutumin nan ya binne mutane da yawa a rayuwarsa. Can sai mai ganga ya ɗaga, Tsoho ya taka wani abu da ƙafa, jitar ta koma ruri, tsofaffin nan masu sanduna suka miƙe suna rausaya. Dattijuwar da ke gefena ta ɗaga hannu sama tana amsa masa kamar mai amshi. Na saci kallon Yaya, na ga ya tsura wa hannun Tsoho ido, ko ƙiftawa ba ya yi.

Hadiza ta tashi ta tafi sayo mana ruwa. Ni kuma wani abu ya fara ci na. Bawan Allah nan yana ta zuba gumi, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya yi waƙa ya yi wata, amma duk taron nan ba wanda ya tashi ya liƙa masa ko sisi. Tafi kawai! Tafi ake ci? A Damagaram ko mai kalangun mahauta ba a yi masa haka. Na ce in su ba su da kunya, ni ina da ita. Ina da 'yan canjin dala ɗai-ɗai a jakata. Na gyara mayafi na miƙe, na nufi dandamali, na tarar da wata igiya a gaba na ɗaga ƙafa na tsallake ta.

Ban yi taku uku ba wani ƙato mai rigar gadi ya sha gabana yana magana. Na nuna masa Tsoho, na nuna goshina, na ce masa da Faransanci kyauta ce. Bai gane ba. Na ce bari in nuna masa kuɗin, na cusa hannu a jaka. Kai! Sai fuskarsa ta canja, ya daka mini tsawa, ya cafke hannuna, wani ma ya rugo yana magana a 'yar rediyon da ke kafaɗarsa. Ni ban san yadda mutanen can suke a tsorace ba a shekarun nan, ban san abin da suke gani ba in mace mai lulluɓi ta tsallake igiya ta sa hannu a jaka. Ni dai ihu nake, "Sake ni! Kada ka taɓa ni, ni matar aure ce!" Mutanen gaba suka fara ja da baya. Kiɗa ya tsaya.

Sai na ji wata murya a bayana, a karkace amma da ƙarfi, tana Turanci. Na waiga. Yaya Isuhu ne a tsaye. Daga baya ya gaya mini ya gwada tura keken da hannu ɗaya, ya yi ta juyawa a ciyawa wuri ɗaya, shi ne ya dafa ya miƙe. Dattijuwar nan mai hula ta saƙala hannunta a nasa na dama, yana jan ƙafar hagu, yana tahowa yana faɗa. Mutumin da ya ƙi yi wa abokansa magana don kunyar bakinsa, ga shi yana yi wa fili guda bayani, miyau yana zuba bai damu ba.

Tsoho ya tambaya ta abin magana me ke faruwa. Yaya ya ce masa wannan ƙanwarsa ce daga Afirka, kuma a garinmu in makaɗi ya taɓa maka zuciya, tashi kake ka manna masa kuɗi a goshi. Tsoho ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. Ya ce wa masu gadin su sake ni. Ya sa aka kama shi ya matso bakin dandamali, ya cire hularsa, ya sunkuyo mini da kansa.

Na manna masa dalar farko, ta zauna daram saboda gumi. Na ƙara, na ƙara. Filin ya ɗauki sowa, ni kuwa ban san lokacin da na kama hanci na rangaɗa guɗa ba. Ayyururui! Dattijuwar ma ta buɗe jakarta ta zo ta liƙa tata a karkace, tana dariya.

Kafin ya koma kujerarsa Tsoho ya dubi hannun Yaya da ke dunƙule. Ya zare bututun kwalbar, ya miƙo nasa hannun ya buɗe shi a gaban Yaya. Yatsun duk sun kumbura a gaɓoɓi, sun lanƙwashe, ba sa miƙewa. Ya faɗa masa wata magana a hankali, ya mayar da bututun, ya koma ya ci gaba da kiɗa da kuɗina a goshi har suka faɗo da kansu.

A mota Yaya ya wanke ni tas. "Ke wace irin mace ce? Nan Zinder ce? Da sun harbe ki fa, me zan gaya wa Alhaji? Girma ya zo miki amma hankali bai zo ba!" Tun daga filin har gida bai ja numfashi ba.  Hadiza tana tuƙi hawaye na zubo mata, tana danne dariya, don tun da ya faɗi bai taɓa jera magana mai tsawon haka ba. Da ya lafa na ce, "Yaya, me tsohon ya ce maka?" Ya juya yana kallon taga. Can ya ce, "Cewa ya yi shi ma yatsa ɗaya ya rage masa mai aiki. Wai ɗayan ya isa."

Kada in yi muku ƙarya, bai tashi washegari yana gudu ba. Kwana biyu ya yi a kwance ƙafar tana masa ciwo, yana cewa ni na ja masa. Amma bai sake tambaya ta ranar tafiya ba, ni ma ban tuna masa ba. A makon ya ce wa Hadiza ta kira masu motsa jikin ta ji ko da sauran wuri. Na raka shi sau da yawa, na ga yadda wata yarinya ma'aikaciya take sa shi ɗaukar ƙwallon roba yana zagin ta da Hausa tana ce masa madalla da Turanci. Ranar da zan taho ya rako ni har bakin mota da sanda, yana tsayawa yana hutawa.

Alhaji Sale bai ji daɗin gani na ni kaɗai ba. Ya ce an aike ni na je na yi abin da na ga dama, ya daina amsa gaisuwata yadda ya saba. Shi dama tun can bai taɓa son kiɗan Isuhu ba, yana ganin zubar da girman gida ne, don haka labarin liƙi bai ƙara masa komai ba sai haushi.

Ranar Juma'ar da ta wuce ina gidansa, na je gaishe shi bayan masallaci, sai wayata ta yi ƙara. Yaya Isuhu ne. Ya ce, "Auta, yi shiru ki saurara." Na ji an ajiye waya, sannan sautin jita ya taso, irin na bututun kwalbar Tsoho, yana ja yana kucewa, yana hawa inda bai kamata ba. Wallahi kiɗan bai yi daɗi ba. Amma a cikinsa na tsinkayi wani tsohon take da suke yi a bukukuwan garinmu, na rufe baki da mayafi. Alhaji ya ce lafiya? Na miƙa masa wayar.

Ya kara a kunne ya ɓata fuska. "Wannan wane irin ƙara ne?"

Na ce, "Isuhu ne, Alhaji."

Ya daɗe yana saurare, carbinsa ya tsaya a hannunsa. Sannan ya dube ni ya ce, "Da wane hannun yake yi?"

"Da na hagun."

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya sa bakin rawaninsa ya goge ido. Ya miƙo mini wayar, sai kuma ya fasa, ya mayar da ita kunnensa.

"Isuhu," in ji shi, "ni ne. Kada ka tsaya, ina ji."